Jamhuriya ta Farko a Najeriya, 1960 zuwa 1966: Tambayoyi da Amsoshi

Shekara biyar da wata uku da 'yan kwanaki ne kawai tsakanin daren da aka sauke tutar Ingila a Legas da daren da sojoji suka kashe Firayim Minista da Firimiyoyi biyu. Matasa da yawa sun san sunan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, sun ga hotunansu a jikin kuɗi da bangon makarantu, amma yadda mulkin kansa ya gudana, da abin da ya rusa shi da wuri haka, ba kasafai ake zama a yi musu bayani ba. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

A 1960 aka fara Jamhuriya ta Farko ko a 1963?

Ranar 1 ga Oktoba 1960 Najeriya ta samu 'yancin kai, amma a takarda Sarauniyar Ingila ta ci gaba da zama shugabar ƙasa, Gwamna-Janar yana wakiltarta. Sir James Robertson ya riƙe kujerar na 'yan makonni, a watan Nuwamba Dakta Nnamdi Azikiwe ya karɓa. Sai ranar 1 ga Oktoba 1963 ƙasar ta zama jamhuriya, Azikiwe ya koma Shugaban Ƙasa, aka kuma daina ɗaukaka ƙara zuwa Landan. Bisa doka ke nan a 1963 ta fara. Amma da yake mutanen da tsarin mulkin kusan duk ɗaya ne, an saba kiran dukkan shekarun 1960 zuwa 1966 da wannan suna.

To wa ke riƙe da iko, Shugaban Ƙasa ko Firayim Minista?

Firayim Minista. Tsarin majalisa irin na Ingila aka bi, inda jam'iyyar da ta fi rinjaye a Majalisar Wakilai take kafa gwamnati, ministoci kuma dole su kasance 'yan majalisa. Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya hau wannan kujera tun 1957, kafin 'yancin kai, bai sauka ba har rasuwarsa. Azikiwe uban ƙasa ne, mai sa hannu da karɓar baƙi.

Sai dai wanda ya tsaya a Legas kaɗai ba zai gane zamanin ba, domin ƙarfin gaske yana jihohi. Uku ne da farko: Jihar Arewa mai hedikwata a Kaduna, ta Yamma a Ibadan, ta Gabas a Inugu, sannan a 1963 aka yanko ta Tsakiyar Yamma mai hedikwata a Binin. Kowace jiha tana da tsarin mulkinta, da Firimiya, da Gwamna, da majalisar dokoki, da majalisar sarakuna, da ma'aikatanta, har da wakilinta a Landan. Ilmin firamare da sakandare, asibitoci, aikin gona, ƙasa, da mulkin gargajiya duk a hannun jiha suke. Tarayya ta riƙe soja, harkokin waje, kuɗi, kwastan, jirgin ƙasa da gidan waya. Misali ɗaya ya isa a ga girman 'yancin jihohi: gwamnatin tarayya ta ƙulla hulɗa da Isra'ila har ta karɓi rance, Sardauna kuwa ya ce Arewa ba ta so, kuma ba a tilasta masa ba.

Me ya sa Sardauna bai je Legas ya zama Firayim Minista ba, alhali shi ne shugaban jam'iyya?

Sir Ahmadu Bello shi ne shugaban NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, Tafawa Ɓalewa mataimakinsa. Da ya so kujerar Legas, da ya same ta. Ya zaɓi zaman Kaduna saboda a ganinsa aikin da ke gabansa shi ne Arewa ta kamo Kudu a ilmin boko da aikin gwamnati kafin a yi mata nisan da ba za ta iya cikewa ba. Kuma a tsarin wancan lokaci Firimiyan Arewa yana mulkin fiye da rabin jama'ar ƙasar da kusan kashi uku cikin huɗu na faɗinta.

Wannan ya jawo magana a Kudu cewa Firayim Minista ɗan aike ne kawai. Maganar ta yi wa Tafawa Ɓalewa rashin adalci. Mutum ne mai ra'ayin kansa, mai haƙuri da iya sasanta mutane, shi ne kuma tun 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e, wato hukumar gargajiya, garambawul, a lokacin da irin wannan furuci ke buƙatar ƙarfin zuciya. Amma gaskiya ne ƙuri'un da ya hau da su daga hannun jam'iyyar da Sardauna ke jagoranta suka fito, kuma hakan ya ɗaure masa hannu a wasu lokuta masu nauyi.

Waɗanne jam'iyyu ne, kuma yaya zaɓen 1959 ya kasance?

Manya uku ne, kowace da gidanta. NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, mai alamar fartanya, kirarinta Salama. NCNC ta Azikiwe mai alamar zakara, ƙarfinta a Gabas. AG ta Cif Obafemi Awolowo mai alamar bishiyar kwakwar manja, ƙarfinta a Yamma. A cikin Arewa akwai masu hamayya: NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, mai alamar tauraro da kirarin Sawaba, UMBC ta Joseph Tarka a yankin tsakiya, musamman ƙasar Tibi, da ƙungiyar matasan Barno ta Ibrahim Imam. NEPU ta yi ƙawance da NCNC, UMBC kuma da AG.

A zaɓen Disamba 1959 kujeru 312 aka yi takara a kansu, 174 daga ciki na Arewa. NPC ta ci 134, NCNC da NEPU suka haɗa 89, AG ta samu 73, sauran suka tafi ga ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu, waɗanda da yawansu suka koma NPC daga baya. Babu wadda ta isa kafa gwamnati ita kaɗai, sai NPC da NCNC suka haɗa hannu, Awolowo ya zama jagoran adawa. Abin da wannan haɗi ya haifar a Arewa ya ɗaure kai: NEPU ta wayi gari ƙawarta tana cikin gwamnati ɗaya da abokiyar gabarta. Malam Aminu da ya ci kujerar Kano ta Gabas yana zaune a ɓangaren gwamnati a Legas, magoya bayansa kuwa suna shan ɗauri a gida.

Yaya ake jefa ƙuri'a a lokacin? Mata suna yi?

Ba a dangwala yatsa a takarda mai jerin alamomi kamar yanzu. Kowane ɗan takara yana da akwatinsa, an liƙa alamar jam'iyyarsa a jiki. Mai zaɓe ya karɓi takardarsa a wurin malamin zaɓe, ya shiga bayan labule shi kaɗai, ya nemi akwatin fartanya ko na tauraro ya jefa. An yi haka ne don wanda bai iya karatu ba, amma ya buɗe ƙofar maguɗi, tunda mutum na iya shiga da takardu a cikin riga ya zuba, ko ya fito da tasa ya sayar.

Matan Kudu sun yi zaɓe a 1959. Matan Arewa ba su yi ba, kuma har jamhuriyar ta faɗi ba su samu wannan haƙƙi ba, sai a 1976. Ana ƙirga su wajen raba kujeru, ba a ba su takarda ranar zaɓe. Wannan na cikin dalilan da suka sa NPC ta fi kowa kujeru a 1959 ba tare da ta fi kowa yawan ƙuri'u ba. NEPU ta nemi a ba mata ƙuri'a, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya kuma ta sha duka da ɗauri sau da dama a kan wannan fafutuka. Duk wanda zai yabi wancan zamani, wajibi ne ya faɗi wannan ma.

Mene ne ainihin rigimar NEPU da NPC?

Rigimar a kan En'e take, wato hukumar gargajiya da Turawa suka ɗora mulkinsu a kanta. Talakan ƙauye bai san wani minista ba. Gwamnatin da ya sani ita ce mai unguwa da dagaci da hakimi, sai Sarki a sama. Su ke karɓar haraji da jangali. En'e ke da 'yan doka, ita ke da kotun alƙali, ita ke da gidan yari, ita ke da baitulmali. NPC kuwa jam'iyyar masu riƙe da wannan tsari ce: yawancin 'yan majalisarta hakimai ne ko 'yan majalisar Sarki ko ma'aikatan En'e.

Ka ɗauki tela ko ɗan koli a wani gari wanda ya karɓi katin NEPU. In jam'iyyarsa za ta yi lacca, sai ta nemi izini a wurin En'e, wadda shugabanninta su ne 'yan takarar ɗaya ɓangaren. In aka hana izini aka yi taron, an karya doka. In aka bayar, ya hau teburi ya soki hakimi, gobe ɗan doka ya zo da sammaci, a kai shi gaban alƙali a kan zagin sarauta ko tayar da hankali. Lauya ba ya shiga kotun alƙali. Sai bulala ko wata shida. In ya fito, ya tarar an ƙara masa haraji, ko an karɓe rumfarsa ta kasuwa, ko gonar da yake nomawa ta zama ta wani. Ga kuma 'yan banga, irin waɗanda aka sani a Kano da 'Yan Mahaukata. A zaɓen majalisar Arewa na 1961 NEPU da kujera ɗaya tak ta tsira.

Su ma 'yan NPC suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ga Arewa ba ta da isassun 'yan boko, En'e kaɗai ce hukumar da ta kai kowane ƙauye, in aka rusa ta ba tare da madadi ba, ma'aikatan Kudu ne za su cike gurbin. Sun ɗauki haɗin kan Arewa a matsayin garkuwa, duk mai ƙawance da jam'iyyar Kudu kuma mai buɗe wa baƙo ƙofa ne. Tsoron na gaskiya ne. Amma tsoron bai halatta a ɗaure mutum don ya faɗi ra'ayinsa ba. A ƙasar Tibi irin wannan matsi ya kai ga tarzoma a 1960 da 1964, har sai da aka tura soja. Kuma kada a ɗauka Arewa kaɗai ce: jam'iyya mai mulki a Yamma da Gabas ita ma ta yi amfani da kotunan gargajiya da masu tara haraji wajen murƙushe 'yan adawa.

Ke nan sarakuna ne ke juya gwamnatin Kaduna?

Da farko suna da nauyi ƙwarai, amma a hankali sanda ta koma hannun Kaduna. A 1962 aka yi dokar naɗa kwamishinonin larduna, 'yan siyasa masu wakiltar Firimiya, a saman hukumomin En'e. A shekarar aka kafa binciken kuɗin En'en Kano ƙarƙashin wani Bature, D. J. M. Muffett, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarkin Kano Sir Muhammadu Sanusi a 1963, ya koma Azare da zama. Sarki Muhammadu Inuwa ya gaje shi na 'yan watanni ya rasu, sannan aka naɗa Alhaji Ado Bayero. Kano ce En'e mafi arziki a Arewa, Sanusi kuma jigo ne a NPC. Da aka iya sauke shi, sauran sarakuna sun fahimci inda iko ya koma.

Daga ina gwamnati ke samun kuɗi, tunda ba a dogara da man fetur ba?

Daga gumin manomi. Arewa gyaɗa da auduga da fatu, ga kuza a Jos, Yamma koko, Gabas manja da ƙwarar kwakwa, ga kwal a Inugu. Dalar gyaɗa ta Kano buhuna ne da aka jibge suna jiran jirgin ƙasa ya kai su tashar ruwa ta Legas. Kowace jiha tana da hukumar cinikin amfanin gona. Ita ke yanka farashi kafin kaka, ejan-ejan masu lasisi su saya a kan sikeli a ƙauyuka, ita kuma ta sayar a ƙasashen waje. Ratar da ke tsakanin abin da aka biya manomi da abin da aka samu a Turai ita ce ta gina makarantu da masana'antu da yawa.

Ita ce kuma ta ciyar da jam'iyyu. Wanda ke mulkin jiha shi ke raba lasisin sayen gyaɗa ko koko, da rance, da kwangila, da gurbin karatu. Binciken da kwamitin Mai Shari'a Coker ya yi a 1962 ya nuna yadda kuɗin hukumar Yamma suka bi ta wani kamfani suka shiga asusun AG. A nan ne tushen cutar zamanin yake. Faɗuwa zaɓe ba rasa kujera kaɗai ba ce, rasa kasuwa ce da aiki da kariya daga ɗan doka, shi ya sa babu jam'iyya mai mulki da ta yarda ta faɗi a gidanta.

Man fetur an same shi a Oloibiri a 1956, an fara fitar da shi a 1958, ya soma yin tasiri a ƙarshen jamhuriyar. A lokacin rabin kuɗin haƙar ma'adinai yana komawa jihar da aka haƙo shi.

Me aka gina a waɗannan shekaru?

Abubuwa da yawa, da kuɗi kaɗan. Jami'ar Nsukka ta buɗe a 1960. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da ta Ife, da ta Legas duk a 1962. Layin dogo ya kai Maiduguri a 1964 ta Bauchi da Gombe. A shekarar aka fara aikin madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968. A 1965 aka buɗe matatar mai ta Fatakwal da gadar Kwara tsakanin Asaba da Onitsha. A Kaduna an kafa gidan rediyo da talabijin a 1962, masaƙu suna aiki, ga kamfanin raya Arewa, ga Bankin Arewa a Kano, jaridar New Nigerian kuma ta fito ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kafin juyin mulki.

Babban aikin Sardauna shi ne horar da mutane. Ya dage a kan cike aikin gwamnatin Arewa da 'yan Arewa, Musulmi da Kirista, ya tura samari kwasa-kwasai gida da waje, ministocinsa suka riƙa bin makarantu suna lallashin ɗalibai su shiga aikin soja. 'Yan Kudu mazauna Arewa sun ji zafin wannan manufa, sun ɗauke ta a matsayin kora. Ga 'yan Arewa kuwa ita ce ta samar da ma'aikatan da suka riƙe jihohi shida bayan 1967.

Wane matsayi Najeriya ta ɗauka a duniya?

Matsakaici, mai karkata ga Yamma, amma ba 'yar amshin shata ba. Ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoba 1960, ta tura sojoji Kwango. A Janairu 1961 ta yanke hulɗa da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Sahara. A 1962 aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila bayan ɗalibai da 'yan adawa sun tayar da ƙura. Tafawa Ɓalewa na cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963, a 1964 kuma Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar tafkin Chadi. Iyakar ƙasar ma ta sauya: a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi Najeriya ya zama Lardin Sardauna, kudancinsa ya koma Kamaru.

Ina ɓarakar ta fara?

A Jihar Yamma, a 1962. Awolowo yana Legas yana adawa, mataimakinsa Cif Samuel Ladoke Akintola yana Firimiya a Ibadan. Akintola na ganin Yarabawa suna asara a wajen gwamnati, gara a sasanta da NPC. Awolowo bai yarda ba. Jam'iyya ta tsage, Gwamna ya sauke Akintola ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Da majalisar Yamma ta zauna a watan Mayu don tabbatar da shi, sai aka kaure da dambe, kujeru suka yi ta tashi, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma.

A farkon 1963 Akintola aka mayar, ba tare da sabon zaɓe ba. Kotun Landan ta ce sauke shi da aka yi yana kan doka, sai aka gyara tsarin mulkin Yamma aka mayar da gyaran baya don hukuncin ya tashi a banza. A Satumba 1963 aka yanke wa Awolowo shekara goma a kan laifin shirya kifar da gwamnati. A wannan shekara aka yanki Tsakiyar Yamma daga jihar, alhali ƙananan ƙabilun Arewa da na Gabas masu irin wannan buƙata ba a saurare su ba. Ko da a ce kowane mataki yana da hujjarsa ta doka, jimlarsu ta nuna wa Bayarabe cewa gwamnatin tarayya ta shiga rigimar gidansa ta ɗauki ɓangare.

Me ya sa ƙidayar jama'a ta zama abin faɗa?

Saboda da ita ake raba kujerun majalisa, kujeru kuma su ne mulki. 'Yan siyasar Kudu sun sa rai ƙidayar 1962 za ta kawo ƙarshen rinjayen Arewa. Alƙaluman suka zo da gardama, aka soke su, aka sake a 1963. Sakamakon da aka bayyana a Fabrairu 1964 ya ba ƙasar mutum miliyan 55.6, Arewa miliyan 29.8. Firimiyan Gabas, Dakta Michael Okpara, ya yi fatali da shi, ya kai ƙara kotu bai yi nasara ba. Kowane ɓangare ya zargi ɗaya da kumbura lamba. Daga nan auren NPC da NCNC ya mutu, saura shelar saki.

Yaya zaɓen 1964 da na 1965 suka kasance?

Shekarar 1964 ta zo da zafi. A watan Yuni ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari na kusan mako biyu a kan albashi, suna nuni da manyan motocin ministoci. Sannan ƙasar ta rabu gida biyu: NNA, wato NPC da sabuwar jam'iyyar Akintola NNDP, da kuma UPGA, wato NCNC da AG da NEPU da UMBC. Babbar dabarar maguɗi ita ce hana ɗan adawa miƙa takardar tsayawa: ko jami'in zaɓe ya ɓace, ko a kama ɗan takarar, sai a ce na gwamnati ya wuce babu hamayya. UPGA ta ƙaurace wa zaɓen 30 ga Disamba, a Gabas ba a yi shi ba sam. Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, har aka shiga tambayar wa soja za su yi wa biyayya. Alƙalai suka shiga tsakani, a farkon Janairu 1965 aka daidaita, aka yi zaɓen Gabas a Maris, aka kafa gwamnati mai faɗi. Daga kujeru 167 na Arewa, NPC ta kwashe 162.

Zaɓen majalisar Yamma na Oktoba 1965 ya fi muni. Aka ce Akintola ya ci, jama'a suka ce ba su zaɓe shi ba. Aka shiga ƙone-ƙone, ana watsa wa mutane da gidaje da motoci fetur ana cinna wuta, hanyar Legas zuwa Ibadan ta zama abin tsoro. Gwamnatin da ta sa dokar ta-ɓaci a 1962 saboda dambe a zauren majalisa ba ta sa ba a 1965 da ake kashe rayuka, domin wannan karon Firimiyan abokin ƙawance ne. A ganina wannan shi ne kuskure mafi girma na gwamnatin Tafawa Ɓalewa. A Janairu 1966 yana karɓar shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas don taro a kan Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yanzu, wuta na ci a 'yan mil kaɗan daga zauren.

Me ya faru ranar 15 ga Janairu 1966?

Da tsakar daren Asabar, cikin watan azumi, wasu manjoji suka far wa shugabanni a Kaduna da Legas da Ibadan. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya jagoranci harin gidan Firimiya a Kaduna, inda aka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. A Legas su Manjo Emmanuel Ifeajuna suka ɗauke Tafawa Ɓalewa da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh suka kashe su. Sai bayan kwanaki aka tsinci gawar Firayim Minista a gefen hanya, aka kai shi Bauchi aka binne. A Ibadan aka kashe Akintola. Cikin hafsoshi an kashe Birgediya Zakariya Maimalari, Birgediya Samuel Ademulegun, Kanar Kur Muhammad, Kanar Ralph Shodeinde, da Laftanar-Kanar Abogo Largema, James Pam da Arthur Unegbe.

Juyin bai yi nasara ba, amma jamhuriyar ma ba ta tsira ba. Azikiwe yana ƙasar waje. Shugaban Majalisar Dattawa Nwafor Orizu, wanda ke riƙon ƙwarya, bai rantsar da sabon Firayim Minista ba, ragowar ministoci da Zanna Bukar Dipcharima ke jagoranta suka miƙa mulki ga Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi.

Masu juyin sun ce cin hanci da maguɗi suka zo kawarwa. Ba su da gaskiya?

Cin hanci akwai shi, maguɗi akwai shi, an ga misalansu a sama. Amma babu ɗaya daga ciki da ya halatta a bi mutane gidajensu da dare a harbe su ba tuhuma ba shari'a. Tafawa Ɓalewa da Sardauna ba su bar dukiya ba, abokan hamayyarsu ma sun shaida. Maimalari da Largema da Pam ba su saci akwatin zaɓe ba. Kuma yadda kisan ya kasance ya lalata duk wata hujja: yawancin manjojin Ibo ne, an kashe manyan 'yan siyasa da hafsoshin Arewa da na Yamma, Firimiyan Gabas da na Tsakiyar Yamma ba abin da ya same su. Ironsi ya tsare masu laifin bai gurfanar da su ba. Har yau ana gardama a kan niyyarsu, amma abin da Arewa ta gani da idonta ke nan.

Haka nan wajibi ne a faɗa da baki ɗaya cewa kisan da aka yi wa dubban Ibo fararen hula a garuruwan Arewa a Mayu da Satumba da Oktoba 1966 zalunci ne. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ma'aikacin jirgin ƙasa ba su san da shirin manjoji ba, ba su da alhakin jinin kowa.

Me ya biyo baya, kuma me ya saura daga tsarin?

Ironsi ya naɗa gwamnonin soja, Hassan Usman Katsina a Arewa. Ranar 24 ga Mayu 1966 ya fitar da doka ta 34 wadda ta soke tarayya ta haɗe aikin gwamnati wuri ɗaya, abin da Arewa ta daɗe tana tsoro. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi da Gwamnan Yamma Adekunle Fajuyi, Yakubu Gowon ya hau. Ranar 27 ga Mayu 1967 ya raba ƙasar jihohi goma sha biyu, shida a Arewa, bayan kwana uku Gabas ta ɓalle da sunan Biyafara, yaƙin basasa ya ci har Janairu 1970.

A cikin waɗannan shekaru gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, abin da NEPU ta daɗe tana nema, Malam Aminu da Tarka da Awolowo kuma suka zama kwamishinoni a gwamnatin Gowon. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa En'e. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979 an ajiye tsarin Firayim Minista aka ɗauki na Shugaban Ƙasa mai cikakken iko, aka kuma shar'anta cewa jam'iyya sai ta yaɗu a faɗin ƙasa kafin a yi mata rajista, ɗan takara kuma sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Wanda ya fara hawa a wannan tsari, Alhaji Shehu Shagari, minista ne a gwamnatin Tafawa Ɓalewa.